Wa Ya Ce Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka? Tsokaci Kan Rayuwar Leon Fleisher

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, musamman waɗanda suka kusa kammala karatu. Idan aka tambayi mutum me zai yi bayan bautar ƙasa, sai ka ji ya ce, "In dai ban samu wani abu ba, ai sai in taɓa koyarwa." Ma'anar wannan magana a fili take, wato koyarwa aikin wanda ya rasa madafa ne, kuma wanda ya iya abu da gaske ba ya zama a aji yana ɓata lokacinsa. Ni dai ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma a wannan ɗan rubutu ina so in kafa hujja da rayuwar wani shahararren makaɗin fiyano ɗan ƙasar Amurka mai suna Leon Fleisher, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2020.

Galibin masu ba da labarin wannan bawan Allah sukan kasa shi gida uku. Da farko yaro ne mai baiwa wanda ya yi tashe tun yana ƙarami. Daga nan sai hannunsa na dama ya ƙi aiki yana ɗan shekara 36. A ƙarshe kuma, bayan shekara 30, hannun ya dawo, aka yi tafi, aka ba shi lambobin yabo. Shekaru 30 ɗin nan na tsakiya kuwa akan tsallake su cikin layi biyu ko uku, tamkar dai mutumin yana zaune ne a tasha yana jiran mota. A ganina an juya labarin ne a baibai. Babban aikin da Fleisher ya yi a duniya a cikin aji ya yi shi, kuma waɗannan shekaru da ake tsallakewa su ne ƙashin bayan rayuwarsa. Mai karatu, biyo ni a sannu ka ji dalili.

Fiyano da irin kiɗan da ake magana a kai

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin kiɗan da kansa. Fiyano wani babban akwati ne mai madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, kuma duk madannin da aka taɓa sai wata 'yar guduma ta tashi ta bugi tsirkiya. Gwargwadon ƙarfin da yatsa ya sa, gwargwadon ƙarar da za ta fito. A ƙasa kuma akwai feda da ake takawa, wadda ɗaya daga cikinsu kan bar sauti ya ci gaba da amo ko bayan an ɗage yatsa. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

Kiɗan da Fleisher ya ƙware a kai shi ne kiɗan Turawa na dauri, wanda ake rubutawa a takarda da wasu alamomi na musamman. Mutane irin su Mozart da Beethoven da Schubert da Brahms su ne suka tsara shi suka rubuta, suka mutu suka bari. Aikin makaɗi shi ne ya karanta abin da ke takardar ya mayar da shi sauti. Sai dai takarda ba ta faɗin komai. Za ta ce maka a buga a hankali, amma ba za ta gaya maka iyakar hankalin ba. Za ta nuna maka inda za ka dakata, amma ba za ta auna maka tsawon numfashin ba. Wannan giɓi da ke tsakanin takarda da kunne, malami ne kaɗai ke iya cike wa ɗalibi shi. Mu riƙe wannan batu, domin kuwa a kansa hujjata ta ginu.

Tasowarsa da silsilar malamansa

An haifi Leon Fleisher ranar 23 ga Yuli, 1928 a birnin San Francisco. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai, mahaifinsa kuma sana'ar ɗinkin huluna yake yi. Ya fara taɓa fiyano yana ɗan shekara 4, ya yi wasa a gaban jama'a yana da shekara 8. Shi da kansa yakan ba da labari cikin raha cewa zaɓi biyu mahaifiyarsa ta ba shi: ko dai ya zama Bayahude na farko da zai shugabanci Amurka, ko kuma ya zama babban makaɗin fiyano.

Yana ɗan shekara 9 aka kai shi wurin Artur Schnabel, ɗaya daga cikin manyan makaɗan wancan zamani, wanda shi ne mutum na farko da ya ɗauki dukkan sonata 32 na Beethoven a faifai, tsakanin 1932 da 1935. A al'adarsa Schnabel ba ya karɓar ƙananan yara, amma da ya ji yaron sai ya karya dokarsa. Suka fara karatu a gaɓar tafkin Como a Italiya a 1938, daga baya suka ci gaba a New York, har na tsawon kimanin shekara 10.

A nan akwai abin lura. Schnabel ɗalibin Theodor Leschetizky ne, Leschetizky ɗalibin Carl Czerny ne, shi kuwa Czerny a hannun Beethoven kansa ya yi karatu. Ke nan mutum uku ne kacal tsakanin Fleisher da Beethoven, wanda ya rasu tun 1827. Idan ɗalibi ya zauna a ajin Fleisher a 2019, yana sauraren mutumin da ya sha daga wannan rijiya ke nan, kusan shekara 200 bayan mutuwar mai rijiyar.

A 1944, yana ɗan shekara 16, ya yi wasa a zauren Carnegie tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic, ƙarƙashin jagorancin Pierre Monteux, inda ya buga konceto na farko na Brahms. Konceto wani dogon kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke yi tare da ƙungiyar makaɗa masu yawa, yana faɗa suna amsawa, wani lokaci kuma su haɗu gaba ɗaya. A 1952 ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe gasar Sarauniya Elisabeth da ake yi a ƙasar Beljiyam. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 ya ɗauki konceto 5 na Beethoven da 2 na Brahms a faifai tare da ƙungiyar makaɗa ta Cleveland da jagoranta George Szell, mutumin da aka sani da tsanani da rashin ɗaukar wargi. Har yau masana na sanya waɗannan faya-faye cikin mafiya kyau da aka taɓa yi. A 1959 kuma ya karɓi aikin koyarwa a makarantar koyon kiɗa ta Peabody da ke birnin Baltimore.

Ranar da yatsu suka ƙi bin umarni

Ana cikin wannan tashe ne, a 1964, Fleisher ya lura cewa ƙaramin yatsansa na hannun dama da wanda ke kusa da shi sun fara lanƙwashewa suna komawa cikin tafin hannu ba da izininsa ba. Me ya yi? Abin da aka hore shi a kai tun yana yaro, wato ya ƙara ƙaimi. A zatonsa rauni ne na rashin isasshen atisaye, don haka sai ya ƙara sa'o'i a kan waɗanda yake yi. Garin neman gira sai aka rasa ido. Cikin 'yan watanni abin ya kai ga ko rubutu da alƙalami ya zama aiki. A 1965, ana shirin tafiya Tarayyar Sobiyat tare da ƙungiyar Cleveland, Szell ya saurare shi ya ga ba zai iya ba, aka tafi aka bar shi.

Ya yi yawon asibitoci da wuraren masu magani iri-iri, daga masu allura zuwa likitocin ƙwaƙwalwa, amma shiru kake ji. Sai a farkon shekarun 1990 aka gano sunan lalurar, wato distoniya mai kama sashe ɗaya na jiki. Abin mamaki shi ne cutar ba a hannu take ba, a ƙwaƙwalwa take. Kowane yatsa yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, inda umarni ke fitowa. Idan mutum ya shekara da shekaru yana maimaita motsi iri ɗaya cikin sauri, musamman in akwai gadon abin a jininsa, iyakokin waɗannan guraben kan iya cuɗewa, ta yadda in aka aika wa yatsa ɗaya saƙo sai maƙwabcinsa ma ya amsa. Ba makaɗa kaɗai take kamawa ba, har da masu yawan rubutu da hannu.

Kada mu yi wa wannan lokaci kwaskwarima. Fleisher ya shiga baƙin ciki mai tsanani na kimanin shekara biyu, aurensa na biyu ya mutu, kuma ya faɗa da bakinsa cewa har tunanin kashe kansa ya yi. Mutumin da tun yana ɗan shekara 4 bai san wata sana'a ba, bai kuma san wani suna da ake kiransa da shi ba sai makaɗi, yau ga shi da mata da 'ya'ya da hannun da ba ya jin magana.

Hanyoyi uku da ya bi

Abin da ya fitar da shi daga wannan rami, kamar yadda ya sha bayyanawa, shi ne gane cewa alaƙarsa da kiɗa ta fi ƙarfin alaƙarsa da yatsu goma. Daga nan sai ya kama hanyoyi uku.

Ta farko ita ce kiɗan hannun hagu zalla. Akwai wani makaɗi ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Paul Wittgenstein, wanda ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da yake ɗan masu kuɗi ne, sai ya biya manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa, irin su Ravel da Prokofiev da Britten da Hindemith, suka rubuta masa kiɗan da hannun hagu kaɗai zai buga. Wanda ya fi shahara shi ne na Ravel, wanda aka kammala a 1930. Hikimar da ke ciki ita ce, a hannun hagu babban yatsa shi ke ɓangaren siraran muryoyi, don haka shi ke ɗaukar karin waƙar, sauran yatsu huɗu na yi masa rakiya, feda kuma na riƙe sautin da hannu ya bari a baya. Wanda ya rufe ido zai rantse hannu biyu ke aiki. Fleisher ya rungumi wannan gado, ya zagaya duniya da shi.

Ta biyu ita ce jagorancin makaɗa, wato tsayawa a gaban ƙungiya da 'yar sanda ana ba da umarni. Ya jagoranci ƙungiyar Annapolis daga 1970, ya kuma zama mataimakin jagora a ƙungiyar Baltimore a 1973.

Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce koyarwa. Ya zauna a Peabody sama da shekara 60. Ya koyar a makarantar Curtis da ke Philadelphia da kuma wata a Toronto ta ƙasar Kanada. Daga 1986 zuwa 1997 shi ne ke tsara harkar karatu a cibiyar Tanglewood, inda matasan makaɗa daga ƙasashe daban-daban ke taruwa kowace bazara.

Abin da lalura ta sauya a cikin aji

Yanzu mun zo kan gundarin magana. Malamin da ya iya abu sosai yana da wata gajeriyar hanya da yakan bi in ɗalibi ya kasa: sai ya ce masa matsa, ya zauna ya yi abin da kansa, sannan ya ce, "To, yi kamar yadda na yi." Fleisher ya amsa cewa kafin lalurar haka shi ma yake yi, yakan ture ɗalibi daga kujera ya nuna masa. Illar wannan hanya ita ce tana haifar da masu kwaikwayo. Ɗalibi zai iya wannan kiɗa guda da aka nuna masa, amma in aka buɗe masa sabon shafi sai ya tsaya yana jiran a sake nuna masa.

Da hannu ya ƙi, sai wannan gajeriyar hanya ta toshe. Dole Fleisher ya zauna ya tambayi kansa: mene ne ainihin abin da nake ji a wannan wuri, kuma da waɗanne kalmomi zan sa wani ya ji shi? Abin da yatsunsa suka sani ba tare da tunani ba, tilas ya fito da shi fili ya ba shi suna. Wannan shi ne bambancin wanda ya iya da wanda ya iya koyarwa, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne.

Bari in ba da misali ɗaya daga cikin abubuwan da aka san shi da su. Yakan ce wa ɗalibansa kowane makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya. Na farko shi ne wanda ke jin sautin a ransa tun kafin a taɓa madanni. Na biyu shi ne mai bugawa. Na uku kuma yana zaune can gefe yana saurare, yana gaya wa na biyu ko abin da ya fito ya yi daidai da abin da na farko ya nufa. In aka rasa na farko, yatsu ne kawai ke gudu babu inda suka dosa. In aka rasa na uku, mutum zai yi ta maimaita kuskure yana zaton daidai yake yi. Duba da kyau, mai karatu, za ka ga cewa wannan darasi ba ya buƙatar malami ya taɓa fiyano ko sau ɗaya, kuma ɗalibin da ya riƙe shi ya samu abin da zai gyara kansa da shi har bayan malamin ba ya nan.

Haka nan ya riƙe wata al'ada da ya gada daga Schnabel, ta koyar da ɗalibi a gaban 'yan'uwansa. Ɗaya na kan kujera, sauran na zaune da takardunsu suna bi. Gyaran da aka yi wa mutum ɗaya ya zama na kowa. Bugu da ƙari, da yake ya ɗanɗana kuɗar wuce gona da iri, ya zama mai gargaɗin matasa kan azabtar da jiki da sunan atisaye, a lokacin da makaɗa da yawa ke ɓoye ciwon hannu don tsoron kada a daina gayyatarsu wasa.

Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai André Watts, baƙar fatar Amurka da ya yi suna a duniya kuma daga baya ya koyar a Jami'ar Indiana, da Yefim Bronfman, da Louis Lortie na Kanada, da Jonathan Biss wanda shi ma ya koyar a Curtis. Duk wanda ya saurari waɗannan mutane zai ji cewa kowa da salonsa. Wannan ita ce babbar shaidar malami nagari, ɗalibansa ba su zama hotonsa ba.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san akwai masu cewa, "Ai ɗalibai sun yi tururuwa wurinsa ne saboda sunan da ya yi a dandali, don haka dandalin ne asali." Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba na musun cewa sai mutum ya san abu kafin ya koyar da shi, kuma zurfin sanin Fleisher daga dandali ya samo shi. Amma suna na iya kawo ɗalibi bakin ƙofa ne kawai, ba ya zaunar da shi. Duniya cike take da gwanaye waɗanda ba su bar magaji ko ɗaya ba, saboda ba su iya fassara gwanintarsu ba. Shekarun tashen Fleisher da hannu biyu kimanin 20 ne, daga 1944 zuwa 1964. Da suna kaɗai ne jarinsa, da tuni ya ƙare kafin 1980.

Wasu kuma za su ce ina neman in mayar da cuta abin alheri. Ko kusa. Cuta cuta ce, kuma shi kansa bai taɓa daina neman magani ba. Babu ranar da ya haƙura da hannun. A 1981 an yi masa aiki a wuyan hannu, a 1982 kuma ya fito ya yi wasa da hannu biyu a bikin buɗe sabon zauren kiɗa na Baltimore, aka watsa a talabijin, jama'a suka yi ta murna, alhali shi ya san hannun bai warke ba, dole ya koma wa na hagu. Abin da nake cewa shi ne lalura ta tilasta masa gano wata baiwa da ke tare da shi tun farko. Mu da muke da lafiya ba sai mun jira irin wannan tilas ba.

Ba shi kaɗai ba ne kuma. Abokinsa Gary Graffman, wanda shi ma a 1928 aka haife shi, ya gamu da irin wannan matsala a hannun dama a ƙarshen shekarun 1970. Ya koma koyarwa, ya shugabanci makarantar Curtis daga 1986 zuwa 2006, kuma a hannunsa Lang Lang da Yuja Wang, 'yan asalin ƙasar Sin, suka yi karatu, waɗanda sunansu ya zagaya duniya. A 1996 wani mai tsara kiɗa, William Bolcom, ya rubuta wa su biyun kiɗa na musamman, fiyano biyu, kowa da hannun hagunsa.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Za a ce faifai yana nan ana saurare har gobe, amma darasin da aka yi a aji iska ta kwashe. To, mu koma kan silsilar nan. Babu mahalukin da ke raye da ya taɓa jin yadda Beethoven ko Czerny ke buga fiyano, domin sai a 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. A yau ba kasafai ake cika zaure don sauraren kiɗan da Czerny ya tsara ba, amma shi ne ya koyar da Franz Liszt da Leschetizky, shi kuma Leschetizky ya koyar da Schnabel da Paderewski, wanda har firaministan Poland ya zama a 1919. Faifai yana adana wasa guda na rana guda, ba ya amsa tambaya, ba ya gyara kuskuren mai saurare. Ɗalibi kuwa yana tafiya da abin da ya koya, ya ƙara nasa, ya miƙa wa na baya.

Dawowar hannu

Bayan an gano sunan cutar, sai aka fara yi masa allurar Botox, wadda ke sassauta naman da ke ɗaurewa, tare da wani irin tausa mai zurfi da ake kira Rolfing. Allurar ba ta warkarwa, sai an riƙa maimaita ta bayan 'yan watanni, kuma Fleisher bai ɓoye cewa lalurar na nan tare da shi ba. Duk da haka a 1995 ya buga wani konceto na Mozart da hannu biyu tare da ƙungiyar Cleveland, wadda ta tafi ta bar shi shekara 30 da suka wuce. A 2004 ya fitar da faifai mai suna Two Hands, wato hannu biyu, na farko irinsa cikin kimanin shekara 40, wanda ya ƙunshi sonatar Schubert ta ƙarshe. Wani gajeren fim da aka yi kan rayuwarsa a 2006 ya shiga takarar kyautar Oscar, a 2007 kuma aka ba shi lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya yi bayan hannun ya dawo. Da a ce koyarwa mafaka ce kawai ya shiga kafin ruwa ya ɗauke, da ya fita ranar da gari ya washe. Bai fita ba. Bai ma yar da kiɗan hannun hagu ba, domin a ƙarshen 2004 shi ne ya fara buga wa duniya kiɗan da Hindemith ya rubuta wa Wittgenstein tun 1923, wanda mai shi ya kulle bai taɓa bugawa ba, a birnin Balin ƙarƙashin jagorancin Simon Rattle. Ya ci gaba da shiga aji har tsufa, kuma ko a lokacin annobar korona yana koyar da ɗalibai ta intanet har zuwa 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a Baltimore, ranar 2 ga Agusta, 2020, yana da shekara 92.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya suka faɗa. Fleisher ma bai ɗauke ta shi kaɗai ba. Da nasa hannun ya gaza, sai ya shafe shekaru yana horar da hannayen wasu, kuma su ne ke ɗauke da jinkar a yau, a zaurukan kiɗa da azuzuwa na ƙasashe da dama.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu sake duban yadda muke auna mutane da sana'o'i. Da yawa daga cikinmu, ko mun so ko mun ƙi, za mu tsaya a gaban allo wata rana. Wanda ya shiga aji yana ganin kansa a matsayin wanda duniya ta juya wa baya, ɗalibansa za su gane tun a makon farko, kuma su ne za su biya kuɗin wannan ɓacin rai. Wanda kuwa ya ɗauki koyarwa a matsayin fanni mai zaman kansa, wanda sai an koye shi kamar yadda ake koyon kowace sana'a, zai fara da tambayar da lalura ta tilasta wa Fleisher yi wa kansa: wannan abin da na sani, ta yaya zan faɗe shi har wani ya iya ba tare da ni ba? Mutumin da ya lashe gasar duniya yana ɗan shekara 23 ya shafe sama da shekara 50 yana neman amsar wannan tambaya, kuma bai taɓa ganin ta yi masa ƙanƙanta ba.